Keken Ƙafa da Keken Batir: Ƙasar da Ake Takawa Ita Ke Raba Haɗari

A ƙasar Holan, can arewa maso yammacin Turai, kekuna sun fi mutane yawa. Jama'ar ƙasar wajen miliyan 18 ne, kekunansu kuwa sun kai wajen miliyan 23. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, har ma wajen kashi ɗaya cikin huɗu nata teku ya fi shi tudu, sai da ganuwa ake tare ruwa. Tudun da ya fi kowane tsawo, can kusurwar kudu inda ta yi iyaka da Jamus da Beljik, mita 322 ne kacal. Hukuma ta gina wa masu keke hanyoyinsu na kansu, dabam da na motoci, fiye da kilomita dubu 30. Duk wanda ya ji wanga bayani sai ya ce ai babu inda mai keke zai fi samun kwanciyar rai, kuma in an auna da yawan tafiyar da mutanen ke yi, gaskiya ya faɗa. Amma duk da haka, cikin shekara ta 2022, masu keke wajen 290 sunka rasu bisa hanyoyin ƙasar, cikin mutum fiye da 700 da haɗarin hanya ya kashe. Wajen rabin masu keken nan tsofaffi ne, masu shekara 75 ko fiye.

To, mene ne ke kashe tsoho bisa keke a ƙasar da babu hawa babu gangara, inda kuma mota ba ta bin hanyarsa?

Ba a gane amsa sai an san wani keke da ya cika hanyoyin Turai da na Asiya cikin shekaru 20 da sunka wuce. Keke ne kamar kowane, da sarƙa da feda da sirdi, sai dai an ɗaura masa batir da ɗan inji. Mai shi yana taka feda, injin yana ƙara masa ƙarfi, kamar wani na tura shi daga baya. Bisa dokar Tarayyar Turai, ƙarfin injin ba ya wuce wat 250, kuma da zarar gudu ya kai kilomita 25 cikin awa sai injin ya janye, ya bar mutum da ƙafafunsa. Irin wannan ba a neman masa lamba ko takardar izinin tuƙi. Akwai kuma wani mai ƙarfi da ke kai kilomita 45 cikin awa, wanda Holan ta sa cikin sahun ƙananan babura tun ranar 1 ga Janairu 2017, watau ba a hawansa sai da lamba da hular kwano. Saboda batir da inji, keken kan fi na ƙafa nauyi da kilo 5 zuwa 10.

Akwai wani lissafi da duk wanda ya yi yaƙi da jahilci zai iya bi da alƙalaminsa. Mai tafiyar kilomita 15 cikin awa yana cin mita 4 cikin sakan guda. Mai 25 yana cin mita 7. Mai 45 kuwa, mita 12 da rabi. Sakan guda shi ne wajen abin da mutum kan ɗauka tsakanin ganin abu da matsa birki, in hankalinsa na tare da shi. Tsoho da gajiyayye sun fi haka daɗewa. Sa'an nan ƙarfin karo ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ya ninka huɗu. Daga 15 zuwa 25, ya kusa ninka uku. Wanga lissafi ɗaya ne a ko'ina cikin duniya. Abin da ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa shi ne abin da ke jiran mutum cikin mita 7 ɗin nan, ko turken ƙarfe ne, ko kwana, ko rairayi, ko tirela.

Tudun Holan iska ce

Hanyoyin keke na Holan ba daga sama sunka faɗo ba. Cikin shekara ta 1971 haɗarin hanya ya kashe mutum fiye da dubu 3 a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye sunka fito kan tituna suna kiran a daina kashe yara. Da tsadar man fetur ta zo cikin 1973, gwamnati ta hana motoci fita ranakun Lahadi na wani lokaci, mutane sunka ga yadda gari yake in babu mota. Daga nan biranen ƙasar sunka shiga raba hanyar keke da ta mota, sannu sannu, shekara da shekaru. Shimfiɗar ƙasa ta taimaka ƙwarai, domin inda babu dutsen fasawa, gina hanya ta biyu kusa da ta farko ba shi da wuya sosai.

Aikin ya yi amfani, mutuwar yara ta ragu matuƙa. Sai dai haɗari bai ƙare ba, kama ya sake. A yau, mafi yawan masu keken da ake kwantarwa asibiti da mummunan rauni a Holan babu motar da ta taɓa su. Faɗuwa sunka yi su kaɗai, ko sun yi karo da ɗan uwansu mai keke. Wani ya bugi turken da anka kafa tsakiyar hanya don hana motoci shiga. Wani tayarsa ta goge dakalin gefe. Wani ya zame bisa jiƙaƙƙen ganye ko ƙanƙarar lokacin sanyi. Da yawa kuwa wurin hawa ko wurin sauka sunka faɗi, keken ma bai fara tafiya ba. Cikin 2017 masu keke 206 sunka rasu, alhali waɗanda sunka rasu cikin mota 201 ne.

A nan ne yanayin ƙasa ya shigo. Holan ba ta da tudu, amma tana bakin teku, iska kuwa ba ta da abin da zai tare ta. Wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san cewa iska hawa ce wadda ba a ganin ƙarshenta. A da, iskar nan ita ce ke sallamar mutum daga keke in shekaru sun ja: gwiwa ta gaza, numfashi ya gaza, sai ya jingine keken ya koma tafiyar kusa. Batir ya kawar da wagga sallama. Dattijo mai shekara 78 yanzu yana iya tafiyar kilomita 20 ya gano jikokinsa ya komo, ƙarfin ƙafarsa an ara masa, amma ganinsa da jinsa da saurin hannunsa da ƙwarin ƙashinsa suna nan yadda shekaru sunka bar su. Faɗuwar da saurayi zai tashi ya kakkaɓe riga, ita ce ke karya wa tsoho ƙugu. Kuma mutanen Holan ba su saba sa hular kwano bisa keke ba, doka ba ta tilasta musu ba.

Masu bincike na ƙasar sun duba ko keken batir shi kansa ne mai laifi. Da farko ƙidayar asibiti ta nuna kamar haka ne. Amma da anka sa shekarun mahaya da nisan tafiyarsu cikin lissafi, sai bambancin ya ragu ƙwarai, in banda wajen tsofaffin mata, waɗanda nauyin keken ke rinjaya. Gwaji kuma ya nuna cewa bisa fili, mai batir bai fi mai ƙafa gudu ba sai da ƴan kilomita kaɗan cikin awa, in an ɗauki matsakaici. Ashe keken bai canza hanyar sosai ba. Mutanen da ke bisa hanyar ya canza, da nisan da suke ci. Shi ya sa hukumomin ƙasar ba su yi maganar hana tsofaffi hawa ba, tun da likitoci sun tabbata motsa jikin da suke samu ya fi haɗarin nauyi. Hanyar sunka koma gyarawa: tumɓuke turakun da ba su zama dole ba, faɗaɗa hanya, ja mata farin layi a gefe, kwantar da dakali yadda taya za ta hau shi ba ta kife ba. Ƙananan ayyuka ne, ba irin waɗanda ake kiran makaɗa ranar buɗe su ba, amma su ne ke hana karaya.

Wanda ya hau sai ya sauko

Ƙasar Suwis kishiyar Holan ce. Duwatsun Alp sun cinye wajen kashi 60 cikin 100 na ƙasar, biranenta da yawa kuma bisa gangare anka gina su. Birnin Lozan ya isa misali. Ƙafarsa tana bakin tafki, wajen mita 370 bisa teku, kansa kuwa yana can sama da wajen mita 500 fiye da haka. A gari irin wannan, tudu shi ne mai tace mahaya. Ba mai hawa keke zuwa wurin aiki sai mai ƙarfi wanda ya saba, wanda kuwa ya saba hawa da ƙafarsa ya saba sauka, ya san birkinsa, ya san kowace kwana.

Da keken batir ya zo, tudu ya daina tace kowa. Magidanci mai teɓa, da uwa mai ɗauke da yara biyu a baya, da wanda rabonsa da keke tun yana ɗan makaranta, duk sunka sami ikon hawa. Abin alheri ne, domin kowane ɗayansu mota guda ce da ba ta fito ba. Amma injin wurin hawa kaɗai yake aiki. Iyakar kilomita 25 da doka ta sa, injin ta ɗaure, ba ta ɗaure gangara ba. In hanya ta sunkuya, nauyi ke ja, keke na iya kai kilomita 40 ko 50 cikin awa ba tare da an taka feda ba, kuma kilo 10 na ƙari suna cikin abin da birki zai tsayar. Wanda bai saba ba, in ya tsorata sai ya damƙe birkin gaba gaba ɗaya, keke ya tsaya, shi ya wuce ta bisa kai. Doguwar gangara kuma tana zafafa birki har kamunsa ya ragu. A manyan birane irin su Zurik da Bazel da Janeba akwai wani tarko na dabam, watau layin dogo na jiragen cikin gari da ke shimfiɗe tsakiyar titi: in siririyar taya ta faɗa cikin tsagarsa, ko ta zame bisa jiƙaƙƙen ƙarfe, mahayi ba shi da ta cewa.

Har wurin hawan ma akwai wani haɗari sabo, wanda ba daga mai keke yake ba. Direban mota ya yi shekaru yana ganin mai keke bisa tudu yana jan jiki kamar hawainiya, idonsa ya riga ya yanke hukunci. Sai ya hango keke yana hawowa, ya ce ai kafin ya iso na wuce, ya karya kwana a gabansa, alhali keken kilomita 20 ko fiye yake ci cikin awa. Daga nesa ba a bambanta keken batir da na ƙafa, kuma ba shi da ƙara irin ta babur.

Dokokin Suwis sun bi wanga hali. Mai keken kilomita 45 dole ya ɗaura lamba mai ruwan ɗorawa, ya sa hular kwano. Tun ranar 1 ga Afrilu 2022, kowane keken batir sai ya kunna fitila ko da rana tsaka, don direba ya gane shi da wuri. Cikin watan Satumba 2018 jama'ar ƙasar sunka jefa ƙuri'a sunka yarda a sa hanyoyin keke cikin tsarin mulki, dokar da ta biyo baya ta fara aiki cikin 2023. Sai dai fili a jikin dutse tsada gare shi. Abin da Holan ta yi da shimfiɗa kwalta, Suwis sai ta fasa dutse ko ta ƙwace wa mota wuri.

Akwai kuma abin da ƙasashen biyu sunka yi tarayya a kai, su da sauran ƙasashen da ke ƙidaya. Haɗari ya fi yawa cikin gari, amma ya fi kisa a bayan gari. Cikin gari mota na tafiya kilomita 30 ko 50 cikin awa, asibiti kuma na kusa. A bayan gari tana cin 80, kuma jikin ɗan Adam da ke iya tsira daga bugun 30 da wuya ya tsira daga na 80. Keken ƙafa abin tafiyar kusa ne ga yawancin mutane. Batir ya mai da tafiyar kilomita 15 ko 20 abu mai sauƙi, watau ya fitar da mahaya daga unguwa ya kai su bisa hanyoyin da mota ke sakin gudu.

Ƙasar Sin kuwa, inda kekunan batir sunka haura miliyan 300, nata hali dabam ne. Manyan biranenta na gabas a fili suke, mutane cunkushe, kekunan kuma da yawansu da murɗa hannu suke tafiya kamar ƙaramin babur. Can a mahaɗar hanyoyi ake yawan karo, da mota ko da mai tafiya ƙasa. Ƙa'idar da ta fara aiki cikin 2019 ta tsai da gudunsu a kilomita 25 cikin awa, ta kuma sa wa nauyinsu iyaka.

Rairayi, dutse da kwalta

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2021 haɗarin hanya ya kashe mutum miliyan 1 da dubu 190 a duniya, kuma in an auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba, da mutum 19 cikin kowane dubu 100, ga shi kuwa ita ce ta fi ƙarancin motoci. A Nijar, tun kafin babur ya yawaita keke ne dokin talaka, har gobe kuma shi ne ke kai ɗan makaranta aji, ya kai mai garka kasuwa, ya ɗauko itace da jarkokin ruwa. Ranar da keken batir zai yi araha ya cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram, ba bisa hanyoyin Holan za a hau shi ba. Ya kamata a dubi ƙasar da zai taka tun yanzu.

Farko rairayi. A yawancin ƙasar Maraɗi da Damagaram, rairayi shi ne tudun mai keke. Yana cinye gudu, yana tilasta mutum ya sauka ya tura. Wanda ya faɗi cikinsa kuwa, sannu yake tafiya, kuma bisa laushi ya faɗi, sai dariyar yara kawai. In don rairayi kaɗai ne, da haɗarin keke bai zama abin magana ba. Illarsa ita ce yana kora kowa zuwa wuri guda mai tauri, watau kwalta. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram har Difa, ita ce hanyar tirela da motocin fasinja, ita ce kuma hanyar amalanke da jaki da garken awaki da mai keke. Inda bakin kwalta ya cinye, akwai gaɓa tsakaninta da ƙasa, wani wuri har taƙi guda, iska kuma tana kwanto harsunan rairayi bisa gefen. Mai keke ya ji ƙahon tirela a bayansa, ya kauce, tayar gaba ta nutse, keke ya tsaya cak. Ko ya faɗi waje ko ya faɗi ciki, sai yadda Allah ya yi. Yanzu a sa wanga mutum bisa keken da ya fi nauyi da kilo 10, yana tafe da gudun 25 maimakon 12 ko 15. Rairayin bai canza ba, ƙarfin jifan ne ya ninka uku ko huɗu. In kuma injin a tayar gaba yake, kamar yadda yake ga waɗansu masu araha, tayar na iya murzawa cikin rairayin ta fizge kan keken daga hannu.

Na biyu dutse. Ƙasar Adar, wajen Tawa da Keita da Buza, fako ne da tsaunuka, hanyoyinta suna saukowa daga bisa dutse zuwa kwari irin na Magiya, da yawansu kuma burji ne mai tsakuwa da ke mirginawa ƙarƙashin taya. Darasin Suwis nan ya fi kamawa. A yau tudu ne ke auna kayan da mai keke zai ɗauka, domin ba ya ɗora abin da ƙirjinsa ba ya iya turawa. Ranar da inji zai hau masa tudun, buhun albasa ɗaya zai zama biyu, kuma su biyun za su sauko tare da shi a ɗaya gefen. Kowa ya san halin birkin kekunan ƙauye: robar ta cinye, waya ta tsinke an ɗaure, wani ma da takalminsa yake danne taya. Irin wannan dabara tana tsai da keken ƙafa marar kaya. Ba ta tsai da kilo 150 bisa gangarar burji. Ko cikin Maraɗi akwai irin wagga gangara, tsakanin garin da anka gina bisa tudu bayan ambaliyar gulbi ta 1945 da fadamar da ke ƙasa, inda garake suke.

Yamai kuwa kogi ne ya tsara ta. Garin yana bisa tudu, hanyoyi suna gangarowa bakin kogin Isa, kwarin Guntu Yena kuma ya raba shi. Duk mai zuwa Harobanda, har da ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni, sai ya bi gada. Gadar Kenedi, mai tsawon wajen mita 700, wadda anka buɗe cikin 1970, ita kaɗai ce har shekara 40, kafin ta biyu ta zo cikin 2011, ta uku cikin 2021. Gada kamar wuyan tulu take: duk faɗin gari a nan yake matsewa, mota da babur da keke da raƙumi, kuma mai keke ba shi da inda zai kauce, ƙarfe ne a gefensa. Da damina wani abu ke ƙaruwa. Ruwa na rufe rami da bakin lambatu, in ya janye kuma ya bar rairayi bisa kwalta, daidai ƙasan gangara inda gudu ya fi yawa. Da hunturu hazo ke rage gani, musamman gab da magariba lokacin da kowa ke komawa gida.

A nan dole a faɗi alherin keken batir, don kada a yi masa rashin adalci. Yawancinsa da fitila yake zuwa, gaba da baya, daga batir ɗin take sha, alhali kekunan ƙafa da ke yawo da dare bisa hanyoyin ƙasar nan da yawansu baƙi ƙirin suke, direba ba ya ganinsu sai ya iso kansu. Yana tashi da sauri a mararraba, ba ya tangaɗi gaban motoci. Ga ɗan makarantar da ke tafiyar kilomita 10 cikin zafin watan Afrilu, ko ma'aikacin kiwon lafiya mai zagaya ƙauyuka, ba ƙaramin sauƙi ba ne, ga shi ba ya shan mai. Amma zafin nan shi ma yanayin ƙasa ne. Batir irin na litiyom ba ya son a cika shi da wuta yana da zafi, zafin da ya wuce 40 a inuwa kuma yana rage masa kwana. Wanda ya lalace ko ya bugu yana iya kama wuta.

Maƙwabta sun gwada wani abu. Wagadugu, birnin da anka sani da yawan masu ƙafa biyu, a fili yake, kuma an ware wa kekuna da babura gefensu bisa waɗansu manyan tituna. Rabuwa da mota ta taimaka. Sai dai gefen nan keke da babur ke rabonsa, mai gudun 12 da mai gudun 40 cikin siririn wuri guda, keken batir kuwa tsakaninsu zai faɗa. Tambayar inda za a sa shi tana jiran duk wani magajin gari da ke shirin ja wa titunansa layi.

Wata matsala kuma ta ƙidaya ce, ta shafi ma'aikata kai tsaye. Holan ta gane cewa faɗuwa ta fi karo yawa ne domin ta duba littafin asibiti, ba na ƴan sanda kaɗai ba, tun da wanda ya faɗi shi ɗaya ba ya kiran kowa ya auna hanya. A nan abin ya fi haka ɓoyuwa. Jandarma na rubuta haɗarin da mota ta shiga. Wanda ya kife bisa gangarar Adar ya karya hannu, gidan maɗori ake kai shi, ba ya shiga littafin kowa. Ko wanda anka rubuta ma, abin da hukuma ke bukatar sani don gyara hanya shi ne halin wurin: gangara ce ko fili, kwalta ko burji, akwai rairayi a gefe ko babu, da rana ko da magariba, kilomita nawa zuwa likita. In an tara amsoshin nan na shekara biyu ko uku, za a ga wuraren sun fito da kansu bisa taswira.

Kwafo lambar 25 daga dokar Turai abu ne mai sauƙi, sa hannu ɗaya ya isa, amma lambar an yanka ta ne bisa ma'aunin hanyoyin da babu rairayi babu amalanke. Abin da ƙasar nan ke nema ya fi kama da ƙananan ayyukan Holan: kafaɗar hanya mai tauri, mita ɗaya da rabi, kilomita kaɗan kafin shiga garuruwan kasuwa da bayan fita; share rairayi daga ƙasan gangara bayan kowane ruwa; allo a kan tudu kafin doguwar sauka; fitila ko ƙyalle mai ƙyalli a bayan kowane keke; da kuma duba birki, wanda masu gyaran keke na bakin kasuwa za su iya yi in an ba su robar kirki. Ranar kasuwar Galmi ko ta Gidan Rumji, daga hantsi zuwa la'asar, mai son ganin inda za a fara sai ya tsaya bakin kwalta kilomita biyu daga gari, ya ƙidaya kekuna nawa ke sauka cikin rairayi duk lokacin da tirela ta wuce.